Ɗigon da ke jikin zanen taransfoma

1/ Yau hirar lantarki za mu yi. Akwai wani ɗan baƙin ɗigo da ake sakawa a zanen taransfoma, ɗaya a wannan naɗin, ɗaya a wancan. Ɗalibai na haddace shi don jarrabawa, masu gyara kuma na aiki da shi kullum da wani suna daban. Zaren dogo ne, ku gyara zama. 🧵

2/ Ni ɗan Wurma ne ta ƙaramar hukumar Kurfi, ina karatun injiniyan lantarki a jami'a. Magana ɗaya nake son kafawa: ido ba ya gane alƙiblar naɗin waya. Ko dai wanda ya naɗa ya bar maka alama, ko kai ka gwada ka sa alamar. Hanya ta uku ita ce canke, shi kuwa canke kuɗi yake ci.

3/ Mu fara daga tushe. Babu abin da ke juyawa a cikin taransfoma. Ƙarfe ne a tsakiya, sai wayar jan ƙarfe da aka naɗa a kansa kashi biyu: naɗin shiga da naɗin fita. Wayoyin biyu ba sa taɓa juna. Maganaɗisun da ke tashi a cikin ƙarfen shi ke ɗaukar saƙo daga wannan zuwa wancan.

4/ Michael Faraday ne ya fara ganin haka a Landan, ranar 29 ga Agusta, 1831. Ya naɗa waya biyu a kan zoben ƙarfe, ya jona ɗaya da batir, ɗaya kuma da allurar awo. Da ya jona batirin sai allura ta zabura gefe guda ta dawo. Da ya cire sai ta zabura ɗaya gefen. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Yawan zagayen waya shi ke yanke ƙarfin wutar da za ta fito. Misali, naɗin shiga zagaye 460 ne kuma an ba shi bolt 230, kenan kowane bolt ya ci zagaye 2. In kana son bolt 12 ya fito, zagaye 24 za ka yi. Wannan lissafin kowane yaron shago ya iya shi cikin mako guda.

6/ Amma lissafin nan ya gaya maka nawa ne kawai, bai gaya maka ta ina ba. Naɗin fita yana da baki biyu. A lokacin da wannan bakin na naɗin shiga yake sama, wane baki ne a naɗin fita yake sama tare da shi? Amsar wannan tambayar ita ce alƙiblar naɗi, kuma ita ɗigon yake nunawa.

7/ Na san wani zai ce: ai wutar NEPA ba ta da + da −, ko ta yaya ka cusa fulogi abu zai kama. Haka ne. Wutar da muke samu a Najeriya tana zuwa tana komawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Bakin da yake + yanzu, kafin ka ƙifta ido ya zama − ya dawo sau da yawa.

8/ To shi ɗigo bai ce wannan bakin + ne har abada ba. Cewa yake: bakunan nan biyu masu ɗigo tare suke hawa, tare suke sauka. In ka ɗauki hoton wutar a kowane lokaci, in mai ɗigo na shiga yana +, to mai ɗigo na fita ma yana +. In wancan ya koma −, wannan ma ya koma.

9/ Ta fuskar karan kuma, wato kwararar wutar: idan ya shiga ta bakin ɗigo a naɗin shiga, to ta bakin ɗigo zai fita a naɗin fita ya tafi wurin kayan da aka jona. Dalili shi ne ƙa'idar da Heinrich Lenz ya bayyana a 1834, cewa karan da maganaɗisu ya haifar kullum yana adawa da canjin da ya haife shi.

10/ Me ke sa ɗigo ya faɗa wannan bakin ba wancan ba? Abu biyu: wajen da mai naɗi ya riƙa zagayawa, dama ko hagu, da kuma bakin da ya fara da shi. Ka dunƙule hannun dama, yatsu huɗu su bi hanyar karan a cikin naɗin, babban yatsa zai nuna maka inda maganaɗisu ya dosa a cikin ƙarfen.

11/ Duk bakuna biyu da in karan ya shiga ta cikinsu babban yatsa ke nuna waje ɗaya, su ne 'yan ɗigo. Kuma in ka ɗauke ɗigon biyu gaba ɗaya ka mayar ɗaya bakunan, babu abin da ya canja. Ɗigo guda shi kaɗai ba ya nufin komai, sai da ɗan uwansa.

12/ Matsalar ita ce da zarar an gama naɗi an rufe da takarda, an tsoma a fanish, an cusa ƙarfe, shi kenan. Ba ka ganin ta ina aka zagaya. Wayoyi ne kawai suka leƙo. Launin roba ma ba hujja ba ne, don mai gyara da abin da ya samu a ƙasan benci yake amfani.

13/ Yaushe abin ke zama dole? Duk lokacin da za ka haɗa naɗi biyu. Ka ɗauka kana da biyu, kowanne bolt 12. In ka jera su, marar ɗigo na farko ya kama mai ɗigo na biyu, za ka samu 24. In ka haɗa ɗigo da ɗigo ka auna sauran bakunan biyu, sifili za ka gani. Sun cinye juna.

14/ Sifili da sauƙi, abu ne kawai ba zai kama ba. Haɗarin yana wajen haɗa su kafaɗa da kafaɗa don su ɗauki kaya mai nauyi. Ɗigo da ɗigo, marar ɗigo da marar ɗigo, lafiya lau, bolt 12 da ƙarfin biyu. In ka juya ɗaya, bolt 24 ne ke zagaye cikin waya mai kauri babu abin da zai tare shi. Hayaƙi kenan.

15/ 'Yan ajinmu, ga naku: a jarrabawa wannan shi ne alamar M. Naɗi biyu a jere, L1 + L2 + 2M in karan ya shiga ta ɗigo a duka biyun, L1 + L2 − 2M in ya shiga ta ɗigo a ɗaya ya fita ta ɗigo a ɗayan. In naɗin iri ɗaya ne a ƙarfe ɗaya, amsa ko kusan 4L ko kusan sifili.

16/ Yanzu bari in kawo maganar gida, don ku ga abin da ya sa na damu da ɗigo. Yayana yana da shagon cajin waya a Wurma. Farantan sola a kan rufi, batura a ƙasan tebur, sai inbata haɗin gida da ke mayar da bolt 12 na batir zuwa 230. Da shagon nan ake cefanen gidanmu, da shi ake biya mani wani ɓangare na kuɗin makaranta.

17/ Kuma duk wanda ya san yankinmu, Kurfi, Safana, Batsari, Dutsin-Ma, ya san halin da 'yan bindiga suka jefa mu a shekarun nan. Waya mai caji da daddare ba ta hira ba ce kawai. Da ita ake sanar da juna in an ga motsi, da ita uwa ke jin ɗanta ya sauka lafiya. In shagon caji ya tsaya kwana uku, gari yana ji a jikinsa.

18/ A hutun da ya wuce taransfomar inbatar ta ƙone. Yaya ya aika aka sayo mashi ta hannu daga Kano, wadda aka ciro daga wata tsohuwar na'ura. Ta zo da siraran wayoyi biyu na ɓangaren 230, sai manyan wayoyi huɗu, dukkansu baƙaƙe. Takardar da ke jikinta ta goge, ko harafi ɗaya ba a gani.

19/ Ku gane yadda irin wannan inbatar ke aiki. Batir wutarsa a tsaye take, waje ɗaya take tafiya, taransfoma kuwa sai da canji, kamar yadda allurar Faraday ta nuna. Don haka ana haɗa naɗi biyu na bolt 12 a jere, mahaɗar tsakiya ta tafi + na batir, bakunan gefe biyu kuma kowanne ya tafi rukunin mosfet nasa.

20/ Rukunan biyu karɓa-karɓa suke yi. Wannan ya kunna ya tura maganaɗisu gaba, ya kashe, wancan ya kunna ya dawo da shi baya, sau 50 a daƙiƙa. Kamar lugude a turmi ɗaya. Amma hakan sai in mahaɗar tsakiya ta haɗa mai ɗigo na wannan da marar ɗigo na wancan.

21/ In aka haɗa ɗigo da ɗigo a tsakiya, duka rukunan waje ɗaya za su riƙa turawa, babu mai dawowa da shi. Nan da nan ƙarfe ya cika ya ƙi karɓar ƙari. Daga nan naɗin ya zama kamar guntun waya da aka gitta a kan batir, karan ya yi tashin gwauron zabi, mosfet su fashe tun kafin ka kai hannu makunni.

22/ Yaya ya dubi wayoyin huɗu ya ce, "Ai ga su nan a jere. Na tsakiyan nan biyu za a murɗe wuri ɗaya, a kunna mu gani." Mutane na tsaye a ƙofa da wayoyi a hannu, yini na biyu kenan babu caji. Na ce, "Yaya, ka ba ni awa ɗaya. In ba daidai ba ne mosfet takwas za su tafi, kuma sai an je Dutsin-Ma."

23/ Ga abin da na yi, kuma kowa zai iya yi a ƙaramar taransfoma da ba a jone da komai ba. Farko, raba wayoyi gida-gida. Ka sa mita a wurin gwajin haɗuwa, duk biyun da ta yi ƙara a kansu naɗi ɗaya ne. Na samu gida biyu, na liƙa musu takarda: A da B.

24/ Na biyu, ka nemo batir ƙarami na bolt 9 da mita mai allura. Mai lambobi ba ta cika kama abin ba, don kafin ta farga ya wuce. Ni a wurin wani mai gyaran rediyo na aro. Ka sa ta a mafi ƙanƙantar ma'aunin wutar batir, ka jona ta a kan naɗin A.

25/ Na uku, ka zaɓi waya ɗaya daga ɓangaren 230 ka ce wannan ita ce mai ɗigo. Zaɓinka ne, ko wacce ka ɗauka daidai ne. Ka ɗaura ɗaya wayar a − na batir, sannan ka ɗan taɓa mai ɗigon da + kana kallon allura. Lokacin taɓawa za ka kalla, ba lokacin ɗagawa ba.

26/ In allura ta zabura dama, bakin da jar wayar mita ke kai shi ne mai ɗigo. In ta danna hagu, bakin da baƙar wayar ke kai ne. Ka sa alama nan take, kada ka ce za ka tuna. Sai ka maimaita a naɗin B ba tare da ka juya batirin ba. Gwajin 1831 kenan, a kan bencin shagon caji.

27/ Gargaɗi: kada yatsunka su kasance a kan tsirarar waya lokacin da kake ɗaga batirin. Naɗin na mayar da martani da bugu mai ƙarfi, bolt 9 zai ja ka har ka yar da abin da ke hannunka. Kuma batirin a ɓangaren 230 ake sa shi, mita a ƙaramin ɓangare. In ka juya, babban ɓangaren zai fitar da wuta mai yawa.

28/ Sakamako? Na tsakiyan nan biyu da Yaya ya nuna, ɗaya mai ɗigo ce, ɗaya marar ɗigo. Cankensa ya faɗa daidai. Ya yi dariya har da buga cinya: "To injiniya, awa ɗaya muka ɓata don ka gaya mani abin da na sani." Aka murɗe, aka kunna, inbata ta ɗauka, layi ya fara raguwa.

29/ Ban musa mashi ba, yaya ne. Amma lissafin a fili yake. Da zarar ka raba wayoyin gida biyu, haɗi iri biyu ne kawai: ɗaya daidai, ɗaya ƙonewa. Rabi da rabi. Mutumin da ba zai yarda ya sa jarin shagonsa a kan jefa kwabo ba, shi ne yake yin hakan da waya bai sani ba.

30/ Bayan kwana biyu na shiga Dutsin-Ma sayo mosfet na ajiya. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a garin a 2011 shagunan gyaran waya da kayan wuta suka ƙaru. A can akwai wani dattijo mai naɗin koyil: fanka, sitabilaiza, injin walda, duk yana yi. Na zauna a bencinsa na ba shi labarin.

31/ Bai ce komai ba, ya jawo wani gwangwanin madara ya miƙo mani. Cike yake da mosfet fasassu, wasu har ƙafafunsu sun narke. Ya ce, "Yaro, waɗannan duk na masu cewa a kunna mu gani ne. Yayanka ya ci sa'a. Masu gwangwanin nan ma kowannensu ya taɓa cin sa'a."

32/ Sai ya nuna mani nasa gwajin, babu allura. Yana ba ɓangaren 230 wuta ta cikin kwan fitila da ya jera a layin, don in akwai matsala kwan ya ɗauke ta. Ya haɗa baki ɗaya na A da ɗaya na B, ya sa kwan babbar mota mai bolt 24 a sauran biyun. In ya haska, jerin ya yi. In ya yi shiru, sai ya juya ɗaya.

33/ Wannan shi ne abin da littafi ke kira gwajin tarawa da ɗebewa: 12 da 12 su ba da 24, ko su ba da sifili. Na tambaye shi, "Baba, in kai ka yi naɗin da hannunka fa?" Ya ce, "Ni ba na gwada nawa. Duk wayar da na fara da ita sai na yi mata ƙulli. Mai ƙulli fari ce, marar ƙulli ƙarshe."

34/ Tunda kullum waje ɗaya yake juya injin naɗinsa, duk wata "fari" tasa mai ɗigo ce. Na ce, "Baba, mu a makaranta ɗigo muke cewa." Ya ce, "To ku ɗigo, mu ƙulli." Kukansa ɗaya ne: wasu yaran shago na yanke ƙullin wai don aiki ya yi tsaf, sai na gaba ya zo ya tarar da wayoyi huɗu babu mai magana.

35/ Wannan maganar ta tsaya mani a rai. Shi mai naɗin ai ya san inda ya fara, ba don kansa yake ƙullin ba. Don wanda zai buɗe na'urar bayan shekara biyar ne, a wani gari, wanda ba za su taɓa haɗuwa ba. Taransfomar da aka kawo mana daga Kano ma an yi mata alama, hannuwa ne suka goge ta a hanya.

36/ Yanzu mu ɗaga kai daga benci mu dubi babbar da ke bakin titi, don ƙa'idar ɗaya ce. Wutar da ta taso daga Shiroro ko Kainji taransfoma ce ke ɗaga ta zuwa bolt 330,000. Ta iso Kumbotso a Kano a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000, wani wurin 11,000, kafin ta unguwa ta mayar da ita 415 da 240.

37/ A kowane mataki akwai naɗi shida ko fiye da sai an haɗa su bisa alƙibla. Shi ya sa kamfanoni ke buga haruffa a jikin ƙarfe. A Amurka H1, H2 da X1, X2 suke rubutawa. A namu za ka ga A, B, C da a, b, c, n, ko 1U, 1V, 1W da 2U, 2V, 2W. Duk ɗigon nan ne aka ba shi suna.

38/ A allon bayanin yawancin taransfomomin unguwa a ƙasar nan za ka ga Dyn11. D: babban ɓangare an haɗa shi kusurwa uku. y: ƙaramin ɓangare an haɗa shi tauraro. n: an fito da nutral. 11 kuma agogo ne: in babban ɓangare yana kan ƙarfe 12, ƙaramin yana kan 11, wato tazarar digiri 30.

39/ Me ya sa talaka zai damu? A ƙa'ida gyaran taransfoma aikin kamfanin rarraba wuta ne, amma kowa ya san a garuruwa da yawa in ta ƙone jama'a ke yin karo-karo, gida-gida, a kai ta a sake naɗi. Kuɗin gero da na awaki ne. In aka juya naɗi ɗaya a wurin gyara, kuɗin nan ne ke cikin haɗari.

40/ Ga abin da ya sa wannan kuskuren ke da wayo. In an juya naɗi ɗaya a ɓangaren tauraro, kowane fes da nutral zai nuna 240 daidai. Kwan fitila zai haska, fanka za ta juya, yara su yi ihun an kawo wuta. Sai ka auna tsakanin fes da fes: maimakon 415 sau uku, za ka ga 415, 240, 240.

41/ Daga nan injin fes uku, irin na famfon rijiyar burtsatse ko na niƙa, zai riƙa gurnani yana zafi. Wayar nutral kuma, wadda ya kamata ta huta in kaya sun daidaita a fes uku, sai ta ɗauki ninki biyu na karan fes ɗaya. Awo uku kacal kafin a ɗora kaya sun isa su tona asirin.

42/ Haka in za a haɗa taransfoma biyu su yi aiki tare. Ba girma kawai ake dubawa ba. In ɗaya Dyn11 ce ɗaya Dyn1, tsakaninsu digiri 60 ne, kuma lissafi ya nuna bambancin da ke tsakanin bakunan da za a haɗa ya kai bolt 240 cur. Haɗa su daidai yake da gitta ƙarfe a kan layi.

43/ Akwai kuma ƙananan taransfomomin awo, masu kamar zobe, da ake zura wa manyan wayoyi don mita ta karanta. A jikinsu an rubuta P1, P2 da S1, S2. In aka juya ɗaya cikin uku a wurin da kaya suka daidaita, mita za ta tara biyu ta ɗebe ɗaya, ta karanta kashi ɗaya cikin uku na wutar da aka sha.

44/ Mai masana'anta zai yi ta murna, ranar da aka gano kuma a zo da lissafin baya, rigima ta tashi a kan abin da harafi biyu suka jawo. Ƙari a kan haka, irin wannan zoben ba a taɓa barin S1 da S2 a buɗe in wuta na bi ta babbar wayar. Ƙarfin da ke tashi a bakunan na iya kashe mutum.

45/ Ko cajar da ke hannunka yanzu akwai 'yar taransfoma a cikinta, ba ta kai kan babban yatsa ba. A zanenta za ka ga ɗigon shiga a sama, na fita a ƙasa, da gangan. Tana tara ƙarfi lokacin da makunni ke kunne, ta sake shi lokacin da ya kashe. In aka juya naɗin, caja ta tashi daga aiki.

46/ Kafin wani ya ɗauki batir ya nufi bakin titi: duk gwajin da na bayyana na ƙananan taransfomomin benci ne, waɗanda aka cire daga wuta. Ta unguwa aikin ma'aikatan da aka ba izini ne. Bolt 11,000 ba ya jiran ka taɓa shi, in ka matsa kusa yana tsallakowa. Don Allah a kiyaye, a kuma hana yara.

47/ Abin da jama'ar gari za su iya yi shi ne tambaya. In an dawo da taransfoma daga gyara, dattawan kwamiti su ce wa ma'aikata: a auna mana fes da fes sau uku a gabanmu, a rubuta a takarda, kafin a ɗora wa gari. Ba rashin yarda ba ne. Wanda ya yi aikinsa da kyau ba zai ƙi minti biyar ba.

48/ Ga masu gyara, iyayenmu da yayyenmu: ku bar alama. Ƙulli ne, jan farce ne, ɗan zare ne, duk ɗaya, in dai iri ɗaya kuke yi kullum. Kuma in kun sayi ta hannu kun gwada, ku sa alamar kafin ku rufe murfi, don kada na bayanku ya sake farawa daga sifili.

49/ Ga 'yan uwana ɗalibai: in kun je hutu ku zauna a bencin masu naɗi. Su sun san abin da hannu, mu mun san dalilinsa a takarda, kuma kowanne na buƙatar ɗayan. Ranar da ka ga allura ta zabura dama a gabanka, ba za ka sake ruɗewa da alamar M a jarrabawa ba.

50/ A nan zan tsaya. Masu gyara da ke bibiyata, a wajenku me kuke kiran bakin da aka fara naɗi da shi, kuma wace alama kuke sa mashi? Ku rubuta a ƙasa, ina so in tara sunayen daga Katsina, Kano, Zariya har Maraɗi. Mai tambaya kuma ya ajiye, zan amsa bayan isha'i in sha Allah. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu.